Sifirin ɗin Hilux ɗina sai karyewa yake, in ƙara falle ne ko in sayo na Beljiyam?

Tambayar da aka turo: "Salam malam. Ina da tsohuwar Hilux akori-kura, ina jigilar kayan gona daga ƙauyukan Kafin Hausa da Auyo zuwa Haɗeja, ranar Alhamis kuma mu nufi Maigatari. Sifirin ɗin baya na gefen dama ya karye, mai walda ya ɗinke shi, ya sake karyewa, sai bakanike ya ƙara min falle biyu kowane gefe. Yanzu shokazoba na yoyo, masu bina a baya suna cewa motar a karkace take tafiya, gaba kuma in na hau gargada sai ƙwas ƙwas, tayar gaba tana cinyewa ta ciki. Nakan ɗora buhun masara 18 zuwa 20. In ƙara wani fallen ne ko in sayo sifirin na Beljiyam gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Toh in a gajarce kake so, kar ka ƙara falle, kar kuma ka sake bari kowa ya kusanci sifirin ɗin nan da wutar walda, sannan na Beljiyam ɗin ma in ka sayo aka ɗaura shi da tsofaffin yubol ɗinka, wato ƙarafan nan masu siffar U da ke matse sifirin a jikin aksil, aka ci gaba da zuba masa buhu 20, wallahi da wuya ya ga ƙarshen kakar bana. Abubuwan da ka lissafo ɗin nan yawancinsu tushensu ɗaya, bari in bi maka su a hankali don ka san me zaka ce wa bakaniken in kun haɗu.

Mutane suna ɗauka aikin sifirin ɗaukar nauyi ne kawai, a akori-kura ba haka abin yake ba. Bayan Hilux babu wani hannu ko sanda da ke riƙe da aksil, sifirin ɗin nan shi yake riƙe da shi a mazauninsa, in ka taka totur ta jikinsa ƙarfin taya yake bi ya tura chasis gaba, in ka taka birki shi yake hana aksil murɗewa, in ka sha kwana shi yake hana bodi zamewa gefe. Babban fallen da ke sama mai ido biyu shi ne a haɗe da chasis, idon gaba a kan hanga, na baya a kan shakul mai lilo saboda sifirin yana ƙara tsawo in nauyi ya miƙar da shi. Sauran fallayen santabol ne, wato doguwar kusa mai noti, ya tsire su ta ramin tsakiya, sai yubol guda biyu suka matse su gaba ɗaya a jikin aksil. Kaga sifirin tamkar tsintsiya ne, ƙarfinsa a maɗaurinsa yake, maɗaurin kuwa shi ne yubol ɗin nan da ba wanda yake waiwaya sai an kwana a hanya.

Shi ya sa in aka kawo min irin wannan, tambayata ta farko ita ce ina guntun da ya karye? Kar ka bari yara su kai wa 'yan gwangwan kafin ka duba shi, don wurin da ya karye shi zai nuna maka mai laifi. In a tsakiya ya tsage daidai ramin santabol, toh yubol ne ya yi sako-sako. Wurin nan shi ne mafi rauni a jikin falle tunda huda shi aka yi, kuma ba a yi shi don ya riƙa lanƙwasa ba, matsewar yubol ce take hana shi motsi, da zarar ta saki sai fallen ya fara lanƙwasa a bakin ramin, yau kaɗan gobe kaɗan har tsaga ta kama. In kuma tsakanin aksil da ido ya karye, wato inda dama aka yi shi ya riƙa lanƙwasa, wannan gajiya ce, nauyi da gudu sun fi ƙarfinsa, ko tsatsa ta ɗan ci shi tsagar ta samu wurin farawa. In a wuyan ido ne duba bushin, wato robar da ke cikin idon, da shakul, ko dai bushin ya cinye ƙarfe yana dukan ƙarfe, ko shakul ya kafe ya daina lilo, sifirin yana neman miƙewa ba hanya. Sannan ka kalli fuskar karayar ita kanta, zaka ga wani sashe baƙi mai santsi da tsatsa, wani sashen fari mai kaushi sabo fil. Baƙin nan tsohuwar tsaga ce da ta daɗe tana tafiya a ɓoye, farin shi ne ɗan abin da ya rage ya ƙarasa ranar. Direba zai rantse maka ramin jiya ne ya karya shi, kuma ba ƙarya yake ba, amma ramin ƙarasawa kawai ya yi.

Wannan tafiyar a karkace da ake gaya maka ita ta fi damuna a duk maganarka, na fi zargin santabol ya tsinke ko kansa ya fita daga raminsa a kujerar aksil, aksil ɗin ya ja baya a gefe ɗaya. Gwajinsa ba kuɗi. Ka tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, sitiyari a miƙe, ka ɗauki igiya ko tef ɗin tela ka auna daga tsakiyar wilin gaba zuwa tsakiyar na baya a dama, ka sake aunawa a hagu. In wani gefen ya ɗara wani da faɗin yatsa ɗaya ko biyu, shikenan magana ta fito. Ka leƙa ƙasa kuma, zaka ga fallayen sun ɗan baje ba su jeru daidai ba, ko wani wuri yana ƙyalli inda ƙarfe ya goga ƙarfe, ko jar ƙurar tsatsa tana fitowa daga gindin yubol. Dan Allah in ka ga haka kar ka ɗora mata ko buhu ɗaya sai an gyara, don aksil ɗin in ya ƙara zamewa zai iya fizge tiyon birki ko ya zaro farfela, kuma ba a tsaye yake yin haka ba, sai kana tafe da kaya da mutane a sama.

Yanzu maganar yubol. Duk sanda aka kwance sifirin sabon yubol ake sawa, da sabbin notuna da sabon santabol. Tsohon ya riga ya ja tun ɗaurin farko, zarensa ya gaji, zaka ji noti ya yi tauri a hannu ka ɗauka ya matse alhali zaren ne ya cije, fallayen ba su matsu ba. Kuma ina da tabbacin lokacin da aka ƙara maka falle biyun nan ko dai tsohon yubol aka mayar noti ya kama a ɗan bakin zare, ko aka samo wani dogo na kwance aka sa, haka ake yi kusan ko'ina saboda mai mota yana tsaye yana ƙorafin kuɗi. Kafin a haɗa sai an kankare laka da tsatsar da ke tsakanin fallaye da kan kujerar aksil, in ba haka ba a kan datti aka ɗaure, kwana biyu dattin ya murƙushe ɗaurin ya saki. Notunan huɗu a bi su a giciye kaɗan kaɗan, ba a ƙarasa ɗaya a koma wani ba, in akwai sifana mai ma'auni a garejin ya fi. Abin da kusan kowa yake tsallakewa shi ne komawa. Sabon ɗauri yana zama, fallaye suna kwanciya a kan juna, saboda haka bayan lodin farko ko na biyu ka mayar da motar a sake bin notunan, zaka sha mamakin yadda zasu ƙara tafiya. Daga nan ka sa fenti ka ja layi daga noti zuwa farantin da ke ƙarƙashinsa, kullum da safe yaron mota ya leƙa, in layin ya rabu noti ya juya. Su kuma notunan ido da na shakul ba a ƙarasa ɗaure su mota tana kan jak, sai an sauke ta ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba robar bushin a murɗe zata zauna ta yage da wuri.

Walda kuwa ba laifin mai waldar ba ne, ko wanda ya fi kowa iyawa a Kano ka kai wa haka zata kasance. Ƙarfen sifirin a kamfani an gasa shi an tsoma shi an sake ɗumama shi daidai gwargwado, wannan ne ya ba shi halin lanƙwasa ya dawo. Wutar walda tana ɓata wannan, gefen ɗinkin wani wuri ya bushe ya zama mai saurin tsagewa, wani wurin ya yi laushi, shi ya sa zaka ga yawanci ba a kan waldar yake sake karyewa ba, dab da ita yake karyewa. Haka masu sa masa wutar gas su lanƙwasa shi wai ya dawo da tsayinsa, sun kashe shi ne kawai. Masu bugawa da guduma a sanyi sun ɗan fi, motar zata tashi ta yi kyau, amma ƙarfen da ya gaji ya gaji, ba a jima ba zata koma ta zauna.

Toh sai maganar da na san ba zaka so ji ba. Hilux kayan da aka yi ta ta ɗauka wajen tan ɗaya ne, mai gida biyu ma sau da yawa bata kai ba, kuma a cikin tan ɗayan nan har da kai da yaron mota da masu kayan da suke hawa sama da ƙarafan da mai walda ya ɗaga bodi da su da jarkokin mai. Buhun masara cikakke kilo 100 ne, buhu 20 tan biyu ke nan tun kafin mutum ɗaya ya hau, ka ninka abin da aka yi ta dominsa. Na sani fa, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ba mai iya tashi daga Auyo da buhu goma ya ce ya fita, ga kamasho ga na hanya, kuma wannan ɗabi'ar mun gaje ta tun zamanin Peugeot 404 da 504 da ake haɗawa a Kaduna, aka saba a loda har sai bodi ya kusa taɓa taya. Ba wa'azi nake maka ba, lissafi ne, kuɗin buhunan da suka hau sama da ƙa'ida ba duka ne naka ba, wani kaso na mai sifirin ne da mai taya da mai boris, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, jinkirin karɓa kawai suke yi. In kullum kayanka tan biyu ne, motar aikinka Canter ce ko Dyna, ko da tsohuwa ce.

Illar ƙara falle ta farko ita ce yana ɓoye maka alamar da motar take baka. Da can in ka loda ka ga bayanta ya zauna, robar da ke saman aksil ta kusa taɓawa, kai da kanka zaka ce ya isa. Yanzu an ƙara falle ta tsaya ƙyam da buhu 20, ido ya ce lafiya lau, alhali aksil ɗin nan shi ne na da, boris na da, birki na da, taya ta da, chasis na da. Sifirin mai tauri kuma baya shanye duka, miƙa shi yake gaba, sai ka fara ganin tsaga a gindin hanga, kusoshin bodi suna tsinkewa, chasis yana lanƙwasa tsakanin kai da bodi. Ga wani abu kuma game da aksil ɗin Hilux, shaf ɗin da ke juya tayar baya shi ne kuma yake ɗauke da nauyin motar a kan boris ɗaya, ba kamar Canter ba da nauyin yake kan hob, wato cibiyar da ake ɗaure wili a kai, shaf ɗin juyi kawai yake yi. Shi ya sa in boris ɗin baya ya ƙone ko shaf ya karye a Hilux ake ganin taya ta fita da gangar birkinta ta wuce motar.

Akwai kuma wani ɗan bawul na birki a tsofaffin Hilux marasa ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, yana maƙale a chasis ta baya, da siririyar sanda da ta sauko ta kama aksil. Aikinsa ya gane nauyin da ke bodi, in bayan mota ya zauna sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ba kaya ya rage don kar tayoyin baya su kulle. Da aka ƙara falle motar ta daina zama, shi bawul ɗin a wurinsa kullum ba kaya, sai ya riƙa ba birkin baya ɗan kaɗan kana ɗauke da tan biyu, na gaba shi kaɗai yake wahala har ya yi zafi ya daina kamawa. Makanikai da yawa ba su ma san amfaninsa ba, wasu cire sandar suke su ɗaure da waya. Ka ce a duba maka shi a saita.

Ban ce ƙarin falle haramun ba ne fa. Mutumin da kullum yake cika tan ɗayansa a hanyar burji, falle ɗaya na taimako mai faɗi daidai da sauran, a sa a gefe biyun, ba laifi, zai rage dukan roba. Amma ba irin wanda ake yankowa daga sifirin wata motar da gas a bar bakinsa da kaifi ba, wannan bakin yana cin fallen da ke samansa ya yi masa zane, a kan zanen nan zai karye. Kuma ko an sa mai kyau motar tana nan a mai tan ɗaya.

Yadda ake jera kayan ma yana da nasa. Mai nauyi ya matsa jikin kai, a gaban aksil ko a kansa, mara nauyi a baya. Masu sauke ƙofar baya su shimfiɗa katako su ƙara layin buhu a kai, wannan layin ya fi duk sauran cutar motar, don yana danne baya ya ɗage gaba, sitiyari ya yi sakayau, fitila ta koma kallon sama tana kashe wa masu tahowa ido. Tankin ruwa mai lita 1000 shi kaɗai tan ɗaya ne, in rabi ne kuma ruwan yana kai da komo yana jijjiga motar a kwana. Yashi da bulo suna yaudara, bodi bai cika ba amma nauyi ya wuce. Shanu in zaka kai Maigatari ko Wudil a ɗaure su yadda ba zasu taru a gefe ɗaya ba.

Me ya sa na dama ne yake karyewa? Saboda a dama muke tafiya, tayar dama ita ke bin bakin kwalta inda ya gutsure, ita ke faɗawa ƙasa in babbar mota ta taho ka kauce, kuma hanya dama an yi ta da ɗan gangare zuwa gefe don ruwa, nauyi yana karkata can. Sai gudu. Dukan da rami ko bakin kwalbati yake yi wa mota ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, in ka ninka gudu ƙarfin dukan sau huɗu yake zama, wanda ya faɗa rami a 60 ba ɗaya yake da na 30 ba ko kusa. Direbobi suna cewa gargada gudu take so, in ka taka sai motar ta daina kaɗawa. A kujera haka ake ji, amma a ƙasa tayoyi tsalle suke daga tudu zuwa tudu ba su riƙe ƙasa sosai ba, shokazoba kuma tana ta aiki har man cikinta ya yi zafi ya yi kumfa ta daina riƙewa. Kuma a rage gudu kafin rami, a saki birki dab da shiga, ba a faɗa da ƙafa a kan birki ba lokacin nauyi duk ya koma gaba.

Shokazoba bata ɗaukar kaya, wannan a cire shi a rai, sabuwa ba zata ɗaga motar da ta zauna ba. Aikinta ta hana sifirin ci gaba da lilo bayan ya sha duka, in ta mutu sifirin yana lanƙwasa sau da yawa a kan rami ɗaya, kaga gajiyarsa ta ƙaru. Ɗan danshi a jikinta da ƙura ta manne ba komai, amma in mai yana gangarowa ta gama. Danna bodi da hannu baya nuna komai a akori-kura mai falle da yawa, gara bayan tafiya a gargada ka taɓa jikinsu a hankali, mai aiki zata yi ɗumi, wadda ta yi sanyi ƙalau ta mutu. Taka kuma ina zargin ƙarin fallen ne ya kashe ta, motar ta ƙara tsayi shokazobar tana nan da tsawonta na da, duk sanda taya ta faɗa rami ita ce take tsayar da aksil da ƙarfi, haka ake yage sil a tsinke kunne. A canza su biyu tare, kuma a gwada tsawonsu da motar.

Mu dawo gaba. Baka faɗi shekarar motar ba, wadda ake ce wa Vigo da ta fara shigowa wajen 2005 gabanta koyil ne, wato sifirin mai naɗi, waɗanda suka gabace ta yawanci ƙarfen toshan ne, wani dogon ƙarfe mai murɗewa da ke aikin sifirin, sai tsofaffin masu fowil irin LN106 da ke da falle gaba da baya. Ko wacce ce, ƙwas ƙwas a gargada ka fara da masu araha, robobin sandar da ke hana mota tangaɗi da bushin shokazoba, sannan boljoyin, wato mahaɗar nan mai ƙwallo da ke riƙe da tayar gaba, da tayarod, sandar da ke juya taya in an murɗa sitiyari, da bushin hannu. A ɗaga tayar, ka kama ta sama da ƙasa ka girgiza, in akwai wasa wani ya taka birki, in wasan ya ɓace boris ne, in yana nan boljoyin ne ko bushin. Ka kama ta gefe da gefe, wasan nan na tayarod ne ko sitiyari. A zura ƙarfe a ƙarƙashin tayar a ɗaga ana kallon boljoyin na ƙasa, don wani baya nuna kansa da hannu. Robar da ke rufe da shi in ta yage, a rairayin Jigawa ba sai an jira ƙara ba, yashi ya riga ya shiga ya haɗu da giris yana cin ƙwallon. Boljoyin shi ne abin da ba na yarda a yi masa dabara, masu bugun gindinsa da guduma ko su cusa roba wai ya matse, ranar da zai fita taya naɗewa take a ƙarƙashin mota. Notinsa kuma a sa masa fin ɗinsa na gaskiya, ba ƙusa ko guntuwar waya ba. In taka mai ƙarfen toshan ce, kar a ɗaure shi fiye da kima don gaba ya tashi ya yi daidai da bayan da aka ƙara wa falle, yana cin boljoyin yana cin taya, kuma na dama da na hagu ba a musanya su, akwai alama a jikinsu.

Wani abu da ake yi a wurin wanki, a gama a fesa baƙin mai a ƙarƙashin mota wai maganin tsatsa da ƙara. Ƙarar zata yi shiru kwana biyu, amma man inji yana kumbura roba ya laushe ta, duk bushin da ya sha shi ya tafi, ga shi yana kama yashi. Ruwa kawai ya isa, musamman da damina in ka ratsa fadamun Haɗeja laka ta cika tsakanin fallaye, ko ka ɗauko taki ko gishiri ko kanwa ya zube a bodi, ko fitsarin dabbobi, waɗannan suna cin ƙarfe sosai, a wanke a ranar. In ka tsallaka ruwa mai zurfi a bi duk inda ke da kan giris a ba shi, farfela da shakul in yana da shi, a buɗe man aksil a gani, in ya koma fari-fari ruwa ya shiga a zubar.

Taya kuma ka duba rubutun jikinta, ta kaya tana da C ko LT, misali 195R14C mai lamba 106 kilo 950 take ɗauka ita ɗaya, shi ma sai an ba ta cikakkiyar iskarta. Yanzu ka lissafa tan biyu da nauyin bayan motar a kan taya biyu. Tayar ƙaramar mota ko ta shiga wilin ba ta wannan aikin ba ce. Akwai lamba huɗu a gefe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, 2319 sati na 23 ke nan a 2019, ka duba kafin mai Beljiyam ya shafa mata baƙi ya ce sabuwa ce. Iska da safe ake aunawa da geji, ba da bugun ƙarfe ba, kuma in ta ƙaru da rana a hanya kar a rage.

In zaka kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sayen sifirin, na Beljiyam mai kyau ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, amma ka sayi biyu, ka kifa su a ƙasa gefe da gefe ka ga tsayinsu ɗaya, ka tafi da tsohon babban falle ko awonsa daga ido zuwa santabol ta gaba da ta baya, don ba daidai tsakiya ramin yake ba kuma Hilux kala kala ce. Ka duba gefen fallaye ko akwai ramukan tsatsa, alamar wuta ko tabon guduma, wanda aka yi wa sabon fenti mai kauri ka ƙara dubawa da kyau. Wajen aikin kuma kar yaro ya shiga ƙarƙashi a kan jak kaɗai, a tokare chasis da kututture, a sa katako ƙarƙashin jak in rairayi ne, kuma a matse fallayen da kilam, wato ƙarfen matsewa, kafin a kwance santabol don suna watsewa da ƙarfi.

In kuɗin ba zai kai duka lokaci ɗaya ba, fara da boljoyin da tayarod in an same su da wasa, da santabol da yubol da babban fallen da aka yi wa walda, waɗannan su ne masu kisa. Bawul ɗin birki saiti ne kawai, a yi shi a ranar. Shokazoba da bushin su biyo baya in an yi kasuwa biyu uku. Alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, shi ne na ƙarshe, bayan an canza duk abin da ke wasa kuma aksil ɗin baya ya koma mazauninsa, in aka yi shi kafin nan kuɗin ya tafi a banza tayar ta ci gaba da cinyewa ta ciki. In ka kai ta birni mai alaimen ya ɗora na'ura bai fara ɗaga taya ya girgiza ba, ka ce ya sauke ya fara dubawa tukuna.